Ticha Ɗan Gana da Jiniyar Masaƙa

Yana tsaye a ƙofar wani gidan haya a layinmu na Makera, dogo, siriri, ya shaƙe wuya da laktaye cikin wannan uban zafi. Takalminsa ya sha hanya, amma ya sha mai. Akwatinsa ɗaya ne, ɗaure da igiya, ya matse shi tsakanin ƙafafu.

Malam Tanimu dillali ya gangaro bencin mai gyaran rediyo inda nake hira, yana sharce gumi. "Ticha ne daga Gana, Turanci zai koyar. Na kai shi unguwar Barnawa, ga famfo ga shiru, ya ce a'a. Nan ma ko ɗakin bai leƙa ba, wai mu jira."

Na fara harhaɗa ɗan Turancina a zuci don in gargaɗe shi: bawan Allah, jiniyar masaƙa ba ta barin kowa barci a unguwar nan. Shekara nawa ina rantsuwar zan tashi saboda ita! Ban gama harhaɗawa ba ta tsage da kuka. Baƙon ya lumshe ido yana saurare kamar an sa masa waƙa, sannan ya ɗaga wa Malam Tanimu hannu, ya ce da 'yar Hausarsa: "Nan ya yi!"

A tsintsiyar hannun nan na ga shatin agogo, agogon kuwa babu. Ina jin sayar da shi ya yi ya biya kuɗin mota, yanzu jiniyar ce agogonsa. Wanda ya baro ƙasarsa saboda aiki ai ba zai yarda ya makara ba.

Na dubi nawa agogon. Lafiyarsa ƙalau, tun ɗazu ya kamata a ce na koma ofis.