Faifai Biyu A Kan Tiren Inna

Shekarun baya, tun waya mai hoto ba ta zama ruwan dare ba, yayana yana aiki a ƙasar Sifaniya, ni da mahaifiyata kuma muna nan Madina, a Harra ta Yamma. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, mu biyu ya bari. Wani ɗan kasuwar dabino ne ya tura yayan nawa can ya riƙe masa harka. Da farko an ce shekara ɗaya, sai ga shi har ya shiga ta huɗu.

Mahaifiyata, Inna muke ce mata, ba ta karanta wasiƙa. Bisimilla kaɗai take ganewa a rubuce, ita kuwa ko a ina ta gan ta ba ta bari ta taɓa ƙasa. Tana da wani gwangwanin madara a saman sif, duk takardar da ta ga sunan Allah a jiki can take kai ta. Saboda haka yayana ya daina wahalar rubutu, ya sayi ƙaramar kyamara. Yakan ɗauko mata ɗakinsa, da tukunyarsa, da titin unguwarsu, ya zuba a faifan sidi ya ba masu zuwa umra su kawo. Shi ke riƙe da kyamarar, don haka ba kasafai muke ganin fuskarsa ba, sai murya. Yana yi mata bayani da Larabci, in ya haɗu da maƙwabci a matakala su gaisa da Sifaniyanci, ita kuma tana amsa wa talabijin da Hausa. Haka muke mu haihuwar nan: a yi mana Hausa, mu mayar da Larabci. Shi ma ya fi ni, ban taɓa jin ya haɗa kalmar Hausa biyar a jere ba.

Ni a lokacin ina kulliya, wato kwaleji, kuma ina ji da kaina. Babu fim ɗin ban tsoro da ban kalla a gidan ƙawaye ba, su suna ɓoye fuska a filo ni ina cin gyaɗa. Har a waya na taɓa cika wa yayana baki cewa ba a yi wanda zai firgita ni ba tukuna. Ya yi dariya ya ce da Larabci, "Tayyib, za mu gani." Na manta da zancen sarai. Ashe baki shi ke yanka wuya.

A ƙarshen wani bazara ya gaya mana zai tashi daga gidan da yake haya ya koma wani. Daga nan sai shiru. Sati uku jawwal ɗinsa, wato wayarsa ta hannu, a kashe. Inna tana da hawan jini, likita ya hana ta damuwa, amma wa zai hana uwa lissafin kwana?

Ranar da abin ya faru na dawo bayan azahar, rana kamar ta narka kwalta. Na tarar da Inna a falo, labule a sake, mukayyif mai sanyaya ɗaki yana ta gurnani. Fuskarta fal murna. Ta ce wani mutumin Maroko ya zo umra, ya kawo saƙo. Ga man zaitun, ga mayafi, ga kuma faifai biyu tsirara a kan tiren shayi, babu ambulan babu rubutu.

"Yalla, sa mana," in ji ta. "Tun safe nake jiranki."

Na ɗauki wanda hannuna ya fara kaiwa na sa.

Babu suna, babu kiɗa. Hoto kawai ya buɗe yana rawa, agogo na tafiya a ƙasan allo kamar yadda muka saba. Mai kyamara yana hawa matakalar wani tsohon bene, yana haki yana magana ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci. Wata dattijuwa a gabansa da tarin makullai, samari biyu a baya suna jan katifa. Aka buɗe ƙofa, ya nuna kicin, ya nuna ɗakin kwana, ya leƙa taga ya nuna titi.

"Sabuwar shaggar ce!" in ji Inna, tana nufin sabon gidan hayarsa. "Masha Allah. Kai, gidan nan ya tsufa. Ka ce su yi maka fenti."

Na ce, "Amma bai yi mana magana ba."

"Yana cikin mutane. Muryarsa ce, ni zan gaya miki."

Talabijin ɗinmu tsohuwa ce, sautinta duk ya dushe. Na kasa kunne. Wani lokaci in ji kamar shi, wani lokaci kamar ba shi ba.

A ƙarshen wani siririn lungu cikin gidan akwai ƙofa guda, an shafe ta da fenti har kan mariƙinta. Ɗaya daga cikin samarin ya kai hannu, dattijuwar ta buge hannun, ta girgiza masa yatsa tana faɗin wani abu da sauri. Suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ajiye makullai ta fita ko waiwaye babu.

Hoto ya yanke, ya dawo. Suna cin abinci a ƙasa, ƙofar nan tana can baya, a rufe. Ya sake yankewa ya dawo. Yanzu ta buɗe kamar faɗin yatsa. Babu wanda ya lura a cikinsu, kyamarar ma ba ita take kallo ba, a gefen allo kawai take. Ni ce kaɗai na gani. Da hoton ya sake dawowa, samari biyu sun zama ɗaya. Takalman ɗayan na nan, wayarsa na nan, shi babu. Suna ta kiran sunansa ɗaki ɗaki. Can sai ga muryarsa daga bayan ƙofar nan. Ba ihu yake ba. Magana yake a natse, har da 'yar dariya, kamar mai kiran abokai su zo su ga wani abu. Ya faɗa, ya yi shiru, ya sake faɗin abin da ya faɗa, da dariyar, daidai wa daida babu bambanci.

Na danna rimot na tsayar.

Na ce, "Inna, ina jin fim ne."

"Fim? Ina kiɗan? Ina rubutun da kuke karantawa a ƙasa? Wane mai fim ne zai riƙe kyamara haka kamar mai zazzaɓi?"

Duk finafinan da na sani suna gaya maka cewa su finafinai ne: kiɗa ya yi maka gargaɗi, hoto tsaf, jarumi ka san fuskarsa. Wannan kuwa sak irin saƙon da muke karɓa shekara huɗu. Sabon gida, ga shi ya ce zai tashi. Ga shirun sati uku. Na buga lambarsa, a kashe. Na sake bugawa, a kashe.

Na ce bari in sa ɗayan faifan. Ta riƙe min hannu gam.

"A'a. In wannan ne na fari, me kike zaton yana cikin na biyu?"

Ta miƙe da ƙyar, ta jawo dardumarta, ta zauna ta ba talabijin baya, ta ɗauki carbi. Na ga jijiyar wuyanta tana harbawa. Na kawo mata ƙwayar maganinta, ta haɗiye ba ruwa.

"Idona ba zai iya ba, ya binti. Ke ki kalla min har ƙarshe. In ɗana ne ki gaya min, kada ki ɓoye. Kuma kada ki rage murya."

Ni ce dai mai cin gyaɗa. Na durƙusa gaban allo, na danna.

Abin da nake nema guda ne, in ga mai riƙe da kyamarar. Ko hannu, ko gefen fuska. Amma wutar gidan ta ɗauke, sai 'yar fitilar kyamara, kowace fata ta koma launi ɗaya. Sau ɗaya ya wuce ta gaban madubi, hasken fitilar ya cinye fuskar. Na mayar baya sau uku, ban ga komai ba sai inuwar kafaɗa. Kuma ba ni da ikon kawar da kai. A sauran finafinai in abin ya yi zafi sai a kai ka wani wuri ka huta. Nan babu wani wuri. Inda ya juya nan za ka juya, abin da ke bayansa yana bayanka. Ban san yaren ba, don haka ban san me suke tsoro ba, muryoyin kawai nake ji suna tsinkewa. Har na fara jin kamar lungun gidanmu ne, wanda ke bayana, mai zuwa banɗaki.

Saurayi na biyu ya gaji, ya ɗauki guduma ya nufi ƙofar. Mai kyamara yana roƙonsa, yana jan rigarsa. Ya fizge ya shiga. Babu ƙara, babu kokawa. Shiru. Sai muryoyi biyu suka fara kira tare, a natse, da 'yar dariyar nan.

Mai kyamara ya ruga ƙofar fita, makulli ya ƙi juyawa. Yana dukan ƙofa, yana kuka, yana ta zuba magana. Ya juyo. Ƙofar lungun a buɗe take wangalau, a bakinta kuma, daidai inda haske ya ƙare, wasu tsofaffin ƙafafu ne ba takalmi. Ban ga sama da idon sawu ba. Ya yi baya, ya yi tuntuɓe, kyamarar ta faɗi a gefenta tana kallon ƙafar kujera. Ina jin numfashinsa kusa, sama-sama. Ina ƙirgawa. Sai ya tsaya.

Agogon ƙasan allo bai tsaya ba. Ya ci gaba da tafiya, babu motsi, babu sauti. Sannan a hankali hoton ya ɗaga. Wani ya ɗauki kyamarar. Ya daidaita ta, ya juya, ya nufi lungun da ita, tafiyar da babu gaggawa a cikinta.

Abin da ya faɗo min a rai shi ne: to wa ya aiko mana da faifan? Hawaye suna zuba, na buɗe baki in ce wa Inna ban gan shi ba, ban sani ba, ba zan iya rantsewa ba.

Ita ta riga ni. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Kashe. Ba ɗana ba ne."

"Inna, ba ki ma kalla ba."

"Na saurara. Tun da aka fara tashin hankalin nan nake jira. Mutumin nan bai ce innalillahi ba ko sau ɗaya. Kuma bai kira ni ba." Ta shafa fuska. "Ɗana yana shekara bakwai ya faɗa ramin gini a bayan gidan nan. Duk Larabcinsa guduwa ya yi, da Hausa ya yi ihu. Wannan ɗan wata ne, Allah ya ji ƙansa. Sa na biyun."

Ana kiran la'asar na sa. Sai ga kicin mai haske, ga muryar yayana garau, yana nuna mata tukunyar shinkafa. Ya ce an sace masa jawwal ranar da ya tashi, ya karanto sabuwar lamba. Sannan ya ce, "Ya Ummi, ɗayan faifan na mai cika bakin nan ne, na rubuta a ambulan. Ke kada ki kalla."

Na kalli Inna. Inna ta kalli saman sif. Na taka kujera na sauko da gwangwanin madara. Ambulan biyu ne a sama, kowanne ya fara da bisimilla da kyakkyawan rubutunsa. A ƙasan na biyu ya ja layi biyu: wannan fim ne, duk wasa ne, kada Ummi ta gani.

Daga baya na gane irin waɗannan finafinai suna da yawa a can, kuma da gangan ake yin su haka. Na sha tunanin me ya sa wannan ya karya ni alhali dodanni masu fiƙa ba su taɓa ba. Ƙafafu kawai na gani fa. Ina jin don ya zo ne a cikin rigar abin da muka yarda da shi. Hoto mai rawa a gidanmu yana nufin wani naka ne ya ɗauka, don kai. Kuma wanda ka fi damuwa da shi shi ne wanda ba za a taɓa nuna maka ba. Har yau in na ga bidiyo yana girgiza ana haki a bayansa, gabana sai ya faɗi kafin hankalina ya iso. Gyaɗa kuwa na daina cin ta gaban allo.

Amma abin da ya fi zauna min shi ne wayar da muka yi bayan mun idar da la'asar. Na buga sabuwar lambar, na buɗe sauti don Inna ta ji. Ya ɗauka yana dariya, yana tambayata da Larabci ko jaruma ta sha ruwa. Na ce masa Inna ta cire ambulan. Na ce faifan fari da muka sa ke nan, kuma awa ɗaya da rabi tana zaune tana jiran in gaya mata ko shi ne ya mutu.

Dariyar ta yanke. Sai muka ji, daga can Sifaniya, da wata murya da ban san yana da ita ba:

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wayyo Inna! Wayyo ni, Inna, ki yafe min, ina nan, lafiyata ƙalau!"

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. Sai a lokacin ta fashe da kukan da ta riƙe tun azahar. Ta dube ni ta cikin hawaye ta ce, "Kin ji ko? Wannan shi ne nawa."