Noti Huɗu a Gwangwanin Madara

Filibus Ɗanbaba gajere ne mai sanƙo, ga son gyara wa mutane zance. Daga wani ƙauye na ƙasar Karaye ya zo Kano a 1971, ya shiga wata masaƙa a Bompai yana sharar auduga. Kafin shekara goma ya zama heluma, shi ke kula da masu aiki a ɗakin saƙa. A coci kuma dattijo ne, shi ke zagayawa da gurasa ranar Jibin Ubangiji. Kirki kam yana da shi, ba a musu. Sai dai bawan Allahn nan ya san yana da shi, kuma ba ya gajiya da tunawa.

Shi ya ƙulla tsarin da ɗakin ke alfahari da shi. Ranar Juma'a Musulmi su tafi masallaci, Kiristoci shida su riƙe musu injina. In aiki ya faɗo Lahadi da safe, Musulmi su rama. To, mutum shida da inji arba'in ai ba wasa ba ne. Sai Filibus ya samo dabara. Injinan da bel ɗinsu ke yawan zamewa, yakan kwance murfin da ya rufe bel ɗin don gyara ya zo da sauƙi, ya zuba notin a gwangwanin madara, kafin a sauko daga masallaci ya mayar.

Wata Juma'a a daminar 1981, wani masaƙi ɗan Ringim mai suna Lawan ya dawo a makare, ya hau aiki da rigar masallacinsa. Bel ya kama hannun rigar, ya ja, ya tafi da yatsu uku na hannun dama. A rikicin ɗaukar sa zuwa asibiti babu wanda ya kula da murfi. Manaja ya nemi bayani, Filibus ya sa hannu a takarda cewa sakacin Lawan ne, ya shiga inji da riga mai faɗin hannu. Aka sallami Lawan. Kuma fa har zuciyarsa Filibus ya yarda da abin da ya rubuta. Har wa'azi ya yi wa ɗakin a kan manyan riguna.

Bayan mako uku, Ashafa makanike ya ja shi bayan sito lokacin hutun rana, ya miƙa masa gwangwani. Noti huɗu ne a ciki.

"A ƙarƙashin bencinka na tsinta," in ji Ashafa. "Na injin Lawan ne. Ni na rufe shi washegari da wasu notin, na ɗauka a rikicin ranar aka cire. Ashe tun kafin ya dawo a buɗe yake."

Ran Filibus ya ɓaci. Ya ce shi kaɗai ke shan madara a masaƙar nan? Ya ce ko da murfi ko babu, wa ya aiki mutum ya shiga inji da riga? Ashafa ya bar shi ya gama.

"Ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Kai da Allahnka."

A gida ya faɗa wa matarsa Rifkatu. Ta ce, "Baban Hanatu, yara biyar gare mu. Yatsun nan ko ka yi magana ba za su dawo ba." Gaskiya ta faɗa, kuma ya so ƙwarai ya tsaya a kanta. Tsoro yake ji, tsoron sallama, da wanda ya fi shi, tsoron a ce Filibus ne.

Ran Lahadi aka miƙo masa farantin gurasa, ya tsaya da shi a hannu. Shekara da shekaru yana gaya wa mutane cewa Almasihu ya ɗauki laifin wasu da yardarsa. Ga shi yau shi ya ɗora wa Lawan nasa laifin, ko tambayarsa bai yi ba. Ya ba dattijon da ke kusa da shi farantin, ya koma bencin baya ya zauna. Mutane suka yi ta waiwaye.

Litinin ya shiga ofis da gwangwanin, ya faɗi gaskiya. Manaja ya ce ya je ya yi tunani, magana ai ta riga ta mutu. Filibus ya ce ya riga ya yi. Kafin la'asar an sallame shi, an soke takardar, an ce Lawan ya dawo ya kama gadin ƙofa. An kuma hana riƙon Juma'a gaba ɗaya, don haka har waɗanda suka yaba masa sun ji haushinsa.

Ya hau kekensa har Na'ibawa. Ya tarar da Lawan a soro yana fama da cokali a hannun hagu, tuwo na zubewa. Ya durƙusa ya faɗi komai, bai saka zancen riga ba. A hanya kuwa har ya gama tsara yadda za su rungumi juna.

Lawan ya ce, "Baba, kun yi abin da ya kamata. Amma yafiya ba yau ba. In na ce na yafe, ƙarya na yi muku."

Filibus ya koma facin keke a bakin titin masaƙar, Rifkatu ta kama tuyar ƙosai. Kullum da safe sai ya gai da mai gadi, mai gadi ya amsa daga nesa, hannun dama a aljihu. Da farko abin na ci masa rai, yana ganin ai ya biya. Sannu a hankali ya gane ba sayen yafiya ya je yi ofis ba, ya daina jira.

A shekara ta uku, wata safiya, Lawan ya turo kekensa da taya a sace. Ya tsaya har aka gama facin. Da zai tafi ya zaro hannun daga aljihu ya miƙa. Filibus ya goge nasa a jikin wando, ya kama yatsu biyun nan da hannu bibbiyu, ya kasa ɗaga kai.