Baba Torvald da Rubutun Jikin Gwangwani

Ranar tara ga watan Satumba, ina tsugune a baranda ina shafa wa katakonta mai, matarka Maureen ta leƙo ta kan shinge ta ce ka cika da safe a asibiti. Burushin da ke hannuna ya bushe a inda na ajiye shi.

Baba Torvald, shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka a garin Port Alberni. Lokacin da na kama gidan nan, katakon al'ul na barandar ya yi toka-toka, yana fitar da sartse, ga 'yata Corinne ba ta son takalmi. Kai da ka yi shekara arba'in a ma'aikatar yankan katako ka koya mini gogewa, da yadda ake yayyafa ruwa a gani: in ya tsaya a sama, a jira, in katako ya shanye, zai sha mai.

Ranar da na fara shafawa, na dunƙule tsummokan man na cusa a bokiti, ƙarƙashin tagar ɗakin da Corinne ke barcin rana. Da la'asar ka ji ƙauri, ka haura shinge da gwiwarka mai ciwo, ka ja bokitin tsakar fili ka kwara masa ruwa. Cikinsa ya riga ya yi baƙi.

Ka ce, "Darlene, ba ga shi an rubuta a jikin gwangwanin man ba? Tsumman mai da kansa yake kama wuta."

Shekarata talatin da huɗu ban iya karatu ba, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba, don tsoron kada hukuma ta ce ban isa riƙon 'ya ba. Ka dube ni, ka dubi gwangwanin.

"Ai gara ke," ka ce. "Ni na iya, amma Maureen ta ce sai na ɓata abu nake karanta takardarsa. Kawo kofi, 'yar nan, zauna."

Gwangwanin nan shi ne littafina na farko. Kowace Asabar muna kan matakala, yatsanka na bin layi. Ko Maureen ba ta san dalili ba sai da na faɗa mata da bakina. Da idonka ya raunana bara, ni nake karanta maka kwalaben magani, sau biyu kowace, kana kirana Malama, kana cewa na cika tsoro.

Jiya na ƙarasa barandar. Na shanya tsummokan ɗaya-ɗaya a kan tsakuwa, na fita duba su har sau uku. Wannan takarda kuma da hannuna na rubuta ta.

Maureen, da ɗanku Leif da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Baba Torvald, Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta. Yadda ka tsare mini 'yata daga wuta, Allah ya tsare ka daga ita.

Darlene Kowalchuk