Huluna Biyu Na Jiran Masu Su

Kun daɗe ba ku ji ni ba. 'Yata Rabi ke rubutawa, ni ban yi boko ba, amma maganar tawa ce.

Shekara da shekaru ina tambaya ɗaya a Tudun Wada, ana ce min mai taurin kai: baƙon da ya tsallako teku da magani, me yake nema a wurinmu?

Ina da dalili. Farkon zuwan Turawa Zariya aka yi wa wan mahaifina lambar agana a dantse. Ba a jima ba aka tafi da shi aikin reluwe, bai dawo ba. Baba ya haɗa abin biyu. Har ya rasu yana ja mana kunne kada mu yarda baƙo ya sa mana alama a jiki.

Ɗinkin hula nake yi. Da farko zare ya ƙi shiga allura. Sai fuskoki suka koma hayaƙi. Ƙarshe sai an ja ni zuwa masallaci.

Yanar ido ce, ido biyu.

Rabi ta ce likitocin ido sun zo daga ƙasashen waje, kyauta suke aiki. Na ƙi. Ta yi kuka, na je.

Awon jini, awon sukari, fitila a ido. Sai na ji nas ta zana min biro a saman idon dama. Na goge da hannun riga, na ce Rabi tashi mu tafi.

Nas ta ce, "Haba Baba! Ka goge, yaya likita zai san idon da zai fara?"

Na ce, "Yarinya, na san abin da ke biyo bayan alama."

Na ba ta labarin, ta fassara wa likitan. Bai yi dariya ba. Ya sa biron a hannuna, ya ce in sa wa kaina.

Na sa.

Aka yi aikin, washegari aka cire bandeji. Abin da na fara gani furfurar Rabi. Ashe ta yi furfura ban sani ba.

Likitocin su biyu ne, kwano ɗaya suke cin abinci. Nas ta raɗa min cewa ƙasashensu harbin juna suke a kan iyaka. Na daɗe ina kallonsu da sabon idona.

Bayan sati suka yi na hagu. Ban kashe komai ba sai kuɗin keke.

Alhamdulillahi. Allah ya saka musu, ya kashe wutar ƙasashensu.

Tsofaffi 'yan uwana, in kun fara ganin hayaƙi ku je asibiti. Ku ɗiga magani a kan lokaci, kada ku murza ido. Abin da kuke tsoro ku faɗe shi da baki.

Na ɗinka huluna biyu, na farko tun da na warke. Na kai asibiti aka ce sun tafi wata ƙasa. Wace ƙasa? Kowa sai ya ce bai sani ba.

An yi min shiru a kan wan babana, ba za a yi min a kan wannan ba. Wa ya turo su, ina suke? Wani ya amsa min.