Igiyar Ramar Baffa

Jiya igiyar robar da na sayo ta tsinke, tunkiyata ta faɗa lambun maƙwabcina a Limawa. Nan take na tuna marigayi Baffa, ƙanen mahaifina. A Taura yakan zauna gindin darbejiya, ya naɗe wando, yana murza jiƙaƙƙiyar rama a cinyarsa, warin kududdufi na tashi daga gare ta. Ran da na kai masa tufkata ina taƙama, ya take bakinta da ƙafa, ya fizga, ta warware.

Ya ce, "Sake, ɗana. Dabba ba ta jin uzuri."

Bana sai na shuka rama, ko tafin hannuna zai saluɓe sai na tufka tawa. Allah Ya haskaka kabarinka, Baffa, Ya sa wannan ta jure fizgarka.