Ɗaurin Bahago

Ranar nan na bi ta bakin kasuwa bayan an ɗauke ruwa, sai ƙamshin jiƙaƙƙen ganyen fita ya buge ni, ganyen nan mai faɗi da ake naɗe goro a cikinsa. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai okada ya zage ni da Yarabanci. Ban ma kula shi ba, don hankalina ya riga ya koma tsakar gidanmu na Agege, ina 'yar shekara tara, kakata tana zaune a kan tabarma tana tsintar goro.

A shekarar ce sojoji suka koma bariki. Manya na ta musun siyasa a gindin rediyo, ni kuwa damuwata ɗaya ce a duniya, wato hannuna na hagu. Bahaguwa aka haife ni, kakata kuma ta lashi takobin sai ta raba ni da wannan hali. Tana da wani mafici mai kauri a mariƙi. In na kai hagu cikin kwano, sai in ji ƙwas a bayan hannu. In na miƙa wa babba abu da hagu, sai wani ƙwas ɗin. Kafin a jima na koyi ci da dama, karɓa da dama, har rubutun allo da dama, kowa ya ce an gyara ni.

Ba al'ada kaɗai ta sa take tsananta mini ba. Tun kafin a yi wa babana aure, lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar goro daga Agege zuwa Kano, an kashe fataken goro uku cikin damina biyu. Kowannensu da safe aka tsince shi a gefen layin dogo, cikin buhu, an naɗe shi da igiya kamar yadda ake ɗaure huhun goro. Na ukun shi ne kakana, mijinta. Har yau ba a kama kowa da laifin ba.

Sai dai unguwa ba ta jira kotu ba. Masu ɗaurin huhu suna gane hannun juna daga yadda igiya ta zagaya, kuma aka ce igiyar da ke jikin buhunan a baibai ta zagaya, ɗaurin bahago ne. A duk rumfar goro kuwa mutum ɗaya aka sani yana aiki da hagu a fili, wani maraya da ya tashi ba mai gyara masa hannu. 'Yan sanda suka tsare shi mako biyu, suka sake shi don ba shaida. Bai bar gari ba. Ya tsufa a wani ɗaki a bayan masallaci, mu yara in mun hango shi sai mu canza hanya, kakata kuwa ko gaisuwarsa ba ta amsawa.

Kusan kowace damina sai ta sake tayar da zancen da babana, ni ina gefe ina wanke goro ina jin su. Ita hujjarta uku ce: ɗaurin, da cacar bakin da mutumin ya yi da kakana mako guda kafin abin ya faru, da yadda kisan ya tsaya cak tun da aka tsare shi. Babana, wanda shi ma mahaifinsa ne aka kashe, yakan amsa a hankali. Ya ce a rumfar goro wa bai taɓa cacar baki da kakana ba, tun da mutum ne mai zafi? Ya ce akwai wanda ya rantse ya ga mutumin can a tashar jirgin Ebute Metta yana lodin tarago a kwanan da aka yi kisa na biyu. Sai ta ce mai rantsuwar abokin cin tuwonsa ne. Ya ce mai laifi na gaskiya ma zai daina in ya ga an fara bincike, balle ya ga an sami wanda za a jingina wa. Sai ta ce to ɗaurin fa? Nan babana yake ɗaukar hularsa ya fita, musun ya ƙare a kan ɗaurin.

A daminar nan tsohon bahagon ya kwanta ciwo, ba mata ba ɗa. Liman ya roƙi gidajen layinmu su riƙa kai masa abinci bi da bi, namu kuma ya faɗo ranar Alhamis. Kakata ta ce muddin tana numfashi, kwano ba zai fita daga madafarta zuwa ɗakin nan ba. Babana ya rasa yadda zai yi, ga kunyar liman, ga uwa.

Ranar Laraba da la'asar ta ba ni goro ta ce in naɗe a ganye in ɗaure, za a kai wa gwaggona a Isolo. Ta tashi alwala. Ganin ba kowa, na koma wa hannuna na asali, na zagaya igiyar na ɗaure cikin sauri. Ina ɗago kai sai ga ta tsaye a bayana da buta. Na ɓoye hannun a cikin zane ina jiran mafici.

Ba ta dake ni ba. Ta ɗauki ƙunshin tana juya shi, tana bin igiyar da yatsa.

"Tun yaushe kike haka?"

"Kullum, Kaka, in ba kowa."

Ta zauna a kan turmi, ruwan alwala na ɗiga daga gwiwar hannunta. Ta fara lanƙwasa yatsu tana ambaton mutanen rumfar goro na wancan zamanin, waɗanda ta san an raba su da hagu tun suna yara. Ta lanƙwasa uku, a na huɗu ta tsaya. Da ta yi magana, muryarta ta yi ƙasa ƙwarai.

"Yayana ma haka aka haife shi. Innarmu wata guda ta yi tana ɗaure masa hannun da tsumma."

Na san labarin yayan nan nata ko da yake ya rasu kafin a haife ni. Shi ne shugaban rumfa a lokacin, kuma shi ne ya fara sunkuyawa a kan buhun da aka sa kakana, ya ce wa jama'a wannan ɗaurin bahago ne. Da wautar ƙuruciya na tambaye ta ko shi ne ke nan.

"Rufe mini baki. Ban ce shi ne ba, ban kuma ce tsohon can ba shi ba ne. Ban sani ba ne. Shekara ashirin da biyar ke nan ina yi kamar na sani."

Washegari da kanta ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yafa mayafi, ta ce in ɗauko kwanon miya in biyo ta. Muka tsallaka layin dogo, mata na leƙowa ta ƙofa. Ɗakin tsohon na warin danshi da man zafi. Da ya gane ta sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ya ce, "Hajiya, anya ba ɓatan ƙofa kika yi ba?" Ta ce masa ya ci tun da zafi. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma bai kare kansa ba. Ya miƙo hannun dama ya karɓi kwanon. Kafin ruwa ya ɗauke a shekarar ya rasu, ita ce kuma ta aika da goron sadakar uku.

Yanzu rumfar goron ta zama shagunan waya, goro a tirela yake tafiya cikin buhun leda, masu gane hannu daga zagayen igiya sun ƙare. Ɗana na biyu bahago ne, da hagu yake rubutu a makaranta, ba wanda ya taɓa buge masa hannu. Ni dai har yau da dama nake miƙa abu, da hagu nake ɗauri. Wani lokaci nakan zauna in sake auna hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya, kuma ban taɓa tashi da amsa ba. Ban sani ba ko wanda ya kashe kakana muka kai wa tuwo ranar nan, ko kuwa wanda muka zalunta. Kakata ma ta rasu ba ta sani ba, amma tun daga Larabar nan maficinta bai sake taɓa hannuna ba.