Tiyon Halilu Mai Balangu

Duk direban da ya taɓa tsayawa a mararrabar Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu da ta Maraɗi, ya san tukubar kakana Halilu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gasa balangu a wurin. Ni jikansa ne ta wajen uwa. Na bar lakwal, wato makarantar boko, a aji shida saboda ni da bulalar malam ba mu jitu ba, yanzu kabu-kabu nake yi tsakanin Tsarnawa da Ƙonni. In kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri, babur ɗina ma haka yake tafiya.

Kaka mahauci ne ɗan mahauci, gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai ya ga yaji ya sarƙe baƙo. Nakan ce masa, "Tsoho, yaushe za ka mutu in gaji wuƙa da mata?" Shi kuma ya ce, "Ja'iri, wuƙa ta hi ƙarhinka, matar kuwa ta hi ƙarhinmu mu duka."

Shekara biyar da suka wuce wani sa ya kuɓuce a mahauta ya make shi da bango. Ƙashin bayansa ya taɓu daga ƙasa. Wata biyu yana kwance gidan likita, ƙafafu suka dawo da taimakon sanda, amma ciki ya daina jin maganarsa. Bayan gida yakan zo ba sallama, ko kuma ya ƙi zuwa kwana biyar. Mutumin da ke tsayuwa a gaban wuta tun hantsi har la'asar sai ga shi ba ya iya zuwa ko masallaci.

Wani likita ne ya ba shi abin da ya tashe shi. Jaka ce ta roba da ake cikawa da ruwan ɗumi a rataye a ƙusa, da dogon tiyo, a bakinsa akwai ɗan bututu mai laushi da ake shafa wa mai a sa ta dubura. Ruwan ya shiga ya wanko hanji tas. Awa guda bayan sallar asuba, shi ke nan, ranar tasa ce. Daga nan ya yi wanka, ya wanke hannu da sabuni har sau uku, ya sa farar riga ya fita. Ranar da na fara ganin tiyon yana shanye a bayan ɗaki na ɗauka na zuƙar fetur ne, har na kai hannu. Marin da kakata Ummul-Khairi ta yi mini, har yau kunnena na tunawa.

Ban da mu na gida, mutum ɗaya ne ya san zancen: Mahmud. Shekara goma sha takwas yana aiki a tukubar Kaka. Kaka ne ya koya masa riƙon wuƙa, shi ya yi masa aure. Gaskiya Mahmud ma ya yi nasa, don shi ya yi jinyar Kaka, shi ke yi masa wanka lokacin da ba ya iya juyawa. In bututu ya tsufa, shi ke zuwa farmasi, kantin magani, a Ƙonni ya sa a kawo sabo daga Yamai, saboda bakin Kaka ba ya iya faɗin sunan abin a gaban mutane.

Bara Mahmud ya ce yana son tukubar kansa. Kaka ya sa masa albarka, ya ba shi ragar gashi da wuƙa biyu, ya kai shi gaban Sarkin Fawa da kansa. Mahmud ya kafa tasa a tsallaken titi, suna kallon juna. Wata huɗu ƙudaje ne kawai ke yi masa ciniki, direbobi sun saba da hannun tsoho.

Sai kuma abu ya juya. Ranar wata Laraba ina zaune a kan babur kusa da tukuba, Sadiƙu, direban kamyon, babbar motar albasa, wanda ya fi shekara goma yana cin naman Kaka, ya tsaya ya nufi tsallake kai tsaye.

"Sadiƙu!" in ji Kaka. "Yau ba gaisuwa? Ga awazarka na aje maka."

Sadiƙu ya dawo rabin hanya yana sosa ƙeya. "Baba, ina kwana. Yau cikina ne ba daɗi."

"Cikin bai hana ka na Mahmud ba."

Karen motarsa, wani marar kunya da ya fi ni, ya leƙo daga saman buhuna ya ce, "Baba, an ce hannun da kaka sa tiyo da shi da sahe, shi kaka yanka muna nama da shi!"

Kaka ya dubi hannunsa, ya dubi tsallake. Mahmud ya duƙa yana hura wutar da take ci bal-bal.

Kaka ya kai magana gaban Sarkin Fawa. Mahauta suka taru a zaure. Ban taɓa zaton zai yi abin da ya yi ba: ya buɗe buhu ya zube jakar da tiyon a kan tabarma.

"Ga shi, ku gani," in ji shi. "Ba sata ba ce, magani ne. Wanene cikinku ba shi zuwa bayan gida da sahe? Wanene cikinku ka wanke hannu kamar yadda nika wankewa? Ku da kuka wanke tumbi da hanji da hannunku kullum!"

Sarki ya juya ga Mahmud. "Kai ka hwaɗa ma direbobi?"

"Ni ban yi ƙarya ba, ranka shi daɗe." Mahmud ya juya wajen Kaka, idonsa a ƙasa. "Maigida, ɗiya shida gare ni."

"Na sani," in ji Kaka. "Ni na yanka ragon sunan kowane."

Sarki ya yanke cewa naman Halilu ba shi da aibi, ya yi wa Mahmud faɗa sosai. Sai dai direbobi ba sa zuwa zauren Sarkin Fawa. Zance ya riga ya hau mota ya kai Badagishiri da Malbaza. Sati uku Kaka na gasa rabin rago yana dawowa da shi gida. Mun ci balangu har na fara jin tausayin tumaki. A sati na huɗu ya zuba wa wutar ruwa, ya naɗe ragarsa. Yanzu fatu yake saye, yana barbaɗa musu gishiri a bayan gida, su ba sa tambayar hannun da ya taɓa su.

Watan jiya Sarkin Fawa ya aiko ƙanensa. Wai tunda wurin Kaka na zaune haka nan, Mahmud na roƙon a bar masa, don ya fi inuwa kuma nan motoci ke tsayawa. Kaka ya daɗe yana murza gishiri a jikin fata kafin ya ɗago.

"Shi ɗauka," ya ce. "Amma ka gaya ma Sarki, ka gaya ma liman: ranar da Allah ya karɓi raina, kar Mahmud shi taɓa gawata. Ko ruwan wanka kar shi ɗebo."

Bayan ɗan aiken ya fita na ce, "Tsoho, to ni fa, in ɗebo?" Bai ce mini ja'iri ba. Ya jawo wata fatar ya shimfiɗa.